Zabuwar da Ta Keta Layin Kaji

An yi wata Zabuwa a gidan Gwaggo Lantana mai sayar da ƙwai, can ƙarshen gari inda gonaki suka fara. Kyakkyawa ce, ɗigon jikinta kamar an zauna an zana, sai dai fa akwai zuciya. Ko kallon banza aka yi mata, sai ta yi kwana uku tana ƙunci.

Yara, kun san zabuwa ba ta iya kwanci ba. Za ta zuba ƙwai rututu a cikin ciyawa, amma ta zauna a kansu har su ƙyanƙyashe, ina! Ganye ya motsa ta tashi. Shi ya sa masu kiwo ke ɗebe ƙwanta su sa wa kaza.

Ita ma wannan Zabuwa haka aka yi da ita. Wata tsohuwar kaza mai hargitsattsen gashi, ana ce mata Iya Fingi, ita ta kwanta a kanta kwana ashirin da takwas, mako guda fiye da abin da ƙwan kaza ke ci. Ita ta tona mata gara, ita ta rufe ta da fiffike ranar da shirwa ta kawo sura. Don haka Zabuwa ba ta san wata uwa ba sai ita.

Kajin gidan suna da ƙungiya, shugabarsu kuwa Jar Kaza ce, mai kaifin baki. Da Zabuwa ta girma, ta je ta ce a sa ta a ciki.

Jar Kaza ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Ke? Ke da kike kwana a kan bishiya, kike zubar da ƙwai a daji? Ƙungiyar kaji ce wannan, ba ta 'yan daji ba."

Iya Fingi ta ce, "Haba Ja, a ƙarƙashina fa ta fito."

"Ko a ƙarƙashin wa ta fito, ba kaza ba ce."

Kaji suka yi ta dariya. Zabuwa ta juya ta tafi, amma maganar nan ta zauna mata a rai kamar ƙaya.

Ana nan ana nan, damina ta faɗi. Wata ranar kasuwa Gwaggo Lantana ta kama wata kaza da ta daina ƙwai, ta ɗaure mata ƙafafu da igiyar rama, ta kai ta kasuwa. Kazar nan shekara huɗu tana yi mata ƙwai. Jikin kowa ya yi sanyi, kuma kowa ya san wadda ke biye. Iya Fingi ta daina ƙwai tun bara, kwanci kawai take yi.

Jar Kaza ta tara ƙungiya a gindin rumbu, suka yanke shawarar yajin aiki. Ba mai shiga akurki, ba ƙwai, ba kwanci, har sai Gwaggo ta yi alkawarin barin duk tsohuwar kaza ta ƙarasa kwananta a gidan. Wadda ƙwai ya matse ta, ta je bayan danga ta yi ta binne. Suka jera layi a bakin akurki, kafaɗa da kafaɗa, daga fitowar rana har faɗuwarta.

Gwaggo ta yi fushi ta hana kowa tsaba, har da zabi da ba ruwansu. Kaji kuwa ɗan abin da suka tono sai su raba a tsakaninsu. Ba wadda ta waiwayi Zabuwa, sai Iya Fingi da ke ɓoye mata rabin nata a ƙarƙashin fiffike.

Yunwa ba ita ce babbar damuwar Zabuwa ba. Bana ne ta fara ƙwai, kuma ba abin da take so a duniya kamar ta ga 'ya'yanta suna biye da ita. Ta yi gurbi a gonar gero, ruwan sama ya tafi da shi. Ta sake wani a gindin sabara, damo ya shanye su tas. Damina kuwa tafiya take, in ta wuce, zabuwa ba ta sake ƙwai sai baɗi.

A rana ta shida Gwaggo Lantana ta same ta a kan katanga. Mai shayin da ke sayen ƙwai a wurin Gwaggo ya ce zai koma wani gida, hankalin Gwaggo ya tashi. Ta buɗe tafin hannu, ga gero fari tas.

Ta ce, "Zabuwa, ke ba 'yar ƙungiya ba ce, ko? To me ya haɗa ki da rigimarsu? Ga akurki can, ga rufi, ga sabuwar ƙaiƙayi, ba ruwa ba damo. Ki shiga ki yi ƙwanki. In sayar da wasu, in ware miki goma sha biyu a ƙyanƙyashe miki."

Zabuwa ta zuba wa akurkin ido. Goma sha biyu, duka nata.

Ta sauka ta nemi Iya Fingi, ta same ta a ƙarshen layi, ta jingina da bango don ƙafarta ba ta jure tsayuwa.

"Iya, Gwaggo ta ce in shiga."

Tsohuwar ta ce, "Na ji ta. 'Yata, ba zan ce ba ki da gaskiya ba. Sun wulaƙanta ki, a gabana aka yi. Amma Gwaggo ta kusa sakkowa, kin ga ko barci ba ta yi. Ki ƙara kwana biyu kawai."

"Kwana biyu, kwana biyu, har damina ta wuce? Ni ban yi rantsuwa da kowa ba, Iya. Ba su sa ni a ciki ba."

"Ba su sa ki ba. Amma ni ina ciki, kuma saboda wuyana ake tsayuwar nan."

Wallahi maganar ta taɓa Zabuwa. Ta sunkuyar da kai, har ta juya za ta koma kan katanga. Da a ce Jar Kaza ta iya riƙe bakinta na minti ɗaya, da labarin nan bai zama abin kuka ba. Amma ina, wasu ba su iya ganin wuta ta lafa ba su hura ba.

Ta ɗaga murya don kowa ya ji, ta ce, "Iya, daina ɓata yawunki. Bar ta ta koma daji. Ko ta shiga, wa zai ci wannan ƙwan nata mai tauri kamar tsakuwa?"

Zabuwa ta tsaya cak. Ta waiwayo ta dubi Jar Kaza.

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Ke fa. 'Yar daji."

Iya Fingi ta ce, "'Yata, kada ki biye mata."

Zabuwa ba ta ji ba. Ta taka ta nufi layin, ta sa ƙirji tsakanin kaza da kaza, ta keta ta shige akurki. Ba wadda ta tsattsage ta. Shirun da suka yi ya fi mata duka ciwo, amma ta daure, ta zauna a kan ƙaiƙayi ta yi ƙwanta.

To kun san halin zabi, inda ɗaya ta sa ƙafa nan sauran ke bi. Kafin azahar zabin gidan su tara duk sun shige. Washegari Gwaggo ta fito da ƙwarya cike da ƙwai, mai shayi ya karɓa yana murna, don ƙwan zabi ya fi daɗi a bakin masu saye.

Gwaggo ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu, ta ce wa kaji, "To, sai ku yi ta tsayuwa. Alkawari kuma babu."

Kwana biyu bayan haka layin ya watse. Yunwa ta ci ƙarfinsu, suka koma akurki ɗaya bayan ɗaya, kowacce kanta a ƙasa.

Ranar kasuwa ta zagayo. Zabuwa tana tsattsagar gero da safe sai ta ga Gwaggo ta fito da igiyar rama.

Ta ruga ta tare gabanta. "Gwaggo, don Allah ba Iya ba. Ni fa na taimake ki."

Gwaggo ta ce, "Kin taimake ni, na gode. Ai ke kika nuna mini ba sai da su ba. Matsa mini, rana na yi."

Iya Fingi ba ta gudu ba, dama ba ƙafar gudun. Aka ɗaure ta, aka ajiye a bakin zaure kafin Gwaggo ta ɗauko mayafi. Zabuwa ta zo ta durƙusa kusa da ita, tana kuka.

"Iya, ni na jawo miki."

"Bar wannan yanzu, lokaci ya ƙure. Ki saurara. Ƙwan nan naki, ki riƙa juya su da baki safe da yamma. In an yi tsawa kada ki tashi. In kin ji kamar ƙafarki za ta karye, ki ƙara zama. Kin ji ko?"

"Na ji, Iya."

"Na so in kwanta miki a kansu. Na ma fara gyara gurbin."

Gwaggo ta fito, ta ɗauke ta ta ƙafafu, kai a ƙasa, ta fice. Zabuwa ta hau katanga tana kallo har suka sha kwanar masallaci.

Gwaggo dai ta cika alkawarin da ta yi mata, ta ware ƙwai goma sha biyu. Ta kamo Jar Kaza ta ɗora a kai, Jar Kaza ta miƙe ta fita. Ta kamo wata, ita ma ta miƙe. Duk gidan kaza ɗaya ce ke yarda ta kwanta wa ƙwan wani, ita ce kuma aka kai kasuwa.

Zabuwa ta sauke girman kai ta je wurin Jar Kaza. "Yaya, ki taimake ni. 'Ya'yan ba su yi miki laifi ba."

Wannan karon Jar Kaza ba ta yi gatse ba. Idonta ya yi ja, ta ce, "Na san bakina ne ya tura ki, kuma da shi zan mutu. Amma in na kwanta a kansu, fuskar Iya zan riƙa gani. Ba zan iya ba."

Sai Zabuwa ta hau ƙwanta da kanta. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi. Ta juya su safe da yamma kamar yadda aka ce mata. Amma akuya ta yi atishawa, ta tashi. Aka yi tsawa, sai ganinta ta yi a kan bishiya, ba ta ma san lokacin da ta tashi ba. Kafin ta dawo ƙwan sun yi sanyi. Ta sake hawa tana kuka, tana roƙon su yi haƙuri.

Kwana ashirin da takwas suka cika, ta kasa kunne, shiru. Ta ƙara kwana uku. A na huɗu Gwaggo ta zo ta ɗauki ƙwai ɗaya ta girgiza a kunne, ta yamutsa fuska ta ce, "Baragurbi." Ta kwashe duka goma sha biyun ta watsar a bayan danga.

Zabuwa ta koma gurbin ta tsaya. Ba komai a ciki sai ƙaiƙayi da gashi guda ɗaya, hargitsattse, wanda ya faɗo ranar da Iya ke gyara mata wurin. Ta kwanta a kansa, kuma ranar nan ko da aka yi tsawa ba ta tashi ba.

Darasin wannan labari shi ne, in ka tarar da masu aiki sun tsaya suna neman haƙƙinsu, ko da ba ka cikin ƙungiyarsu, ka tsaya ka duba ran wa suke karewa kafin ka keta layinsu, domin wataƙila wanda za a fara kamawa shi ne wanda ya rene ka. Kada fushi ya yanke maka shawarar da kai za ka zauna da ita. Ku kuma masu ƙungiya, ku buɗe wa na waje ƙofa tun kuna da lafiya, ku iya bakinku, don wanda kuka kora jiya shi kuke roƙo yau ya tsaya tare da ku.