Kan Gwaji

An yi wani mutum mai gyaran gashin manyan mata. Ba zan faɗi sunansa ba, ba na ɗaukar ƙazanta a bakina. Su dai matan, Gwani suke ce masa.

Ya 'yan uwana, kun san irin matan da nake nufi. Masu karanta labarai a talabijin, matan ministoci, masu kamfani, mawaƙa. Waɗanda ake bugawa a bangon mujalla a ce wai ga baƙar mace mai alfahari da gashinta. Yau kan ya kwanta sambal har gadon baya, gobe ya tashi tim, jibi ya koma launin zuma. Duk daga hannun mutumin nan.

Shagonsa ɗaki biyu ne. Na gaba madubi ne tun daga ƙasa har sama, ga kujerun fata masu juyawa, ga sanyin na'ura, ga ƙamshi. Na baya ko taga babu. Bahon wanke kai guda, kujerar roba, da kanta cike da kwalabe marasa rubutu. A can yake cakuɗa man miƙar da gashi da rini da wasu ruwaye da yake sayowa a jarka, shi kaɗai, don kada wani shago ya san sirrinsa.

Yana ɗaukar 'yan mata koyon aiki. Amma ba ya duba hannun yarinya. Ba ya cewa yi kitso in gani. Magana ɗaya ce: "Cire ɗankwalin." In gashi ya cika, an ɗauke ta. In bai cika ba, Allah ya ba da sa'a a gaba.

Iyaye suna ta murna, suna zaton don kwalliyar shago ne. Ashe kan gwaji yake nema.

Mutumin nan bai san ƙarfin abin da yake haɗawa ba. Bai taɓa koyon awo ba. Don haka duk sabon haɗi, kafin ya taɓa kan babbar mace, sai ya fara zama a kan yarinya. Ya laɓta mata, ya koma gefe ya harɗe hannu. Ta fara kaɗa ƙafa, ya ce da saura. Ta cije leɓe, ya ce da saura. Sai ta fasa ƙara sannan ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya ce a wanke. Shi ke nan ya san iyakar maganin. Gobe in hajiya ta zo, zai wanke mata tun kafin a kai wurin. Kukan 'yar mutane shi ne ma'auninsa.

Za ku ce manyan matan ba su sani ba? Wallahi sun sani. In yana son nuna sabon launi, yarinyar yake jawowa daga ɗakin baya, kai na ɗigar ruwa, ido jawur. Ya ce, "Juya, Hajiya ta gani." Hajiya ta sa yatsa mai farce ta ɗaga gashin kamar tana taya yadi a kasuwa.

A cikin 'yan matan nan akwai wadda ake ce wa Auta. To gara in faɗa muku tun yanzu. 'Yata ce. Ni ce uwar da ta haife ta.

Allah ya ba yarinyar nan gashi. Mataji nawa ya karye a kanta tana ƙarama, ban sani ba. Yayyenta har tsokanarta suke yi, su ce, "Auta, a duba mana ko makullin gida ya faɗa cikin dajin nan." Ta bi su da gudu tana dariya. Burinta ta koyi aiki ta buɗe nata ɗan shago a bakin layi.

Sai ga wata mawaƙiya da ake ce wa Tauraruwa, wadda yara ke rera waƙarta a titi. Ta zo ta ce tana son kanta ya miƙe, kuma ya yi ja kamar garwashi, duk a zama ɗaya. Gwani ya dubi 'yan matansa, ya ga gashin Auta ne ya yi daidai da nata.

Ya shafa mata na miƙarwa, ya bi da rini a kai. Auta ba ta da saurin kuka, tun tana goye haka take. Ta yi ta daurewa don kada a ce ba ta son aiki. Lokacin da ƙarar ta fita, fata ta riga ta dahu.

A haka ya fito da ita gaban Tauraruwa. Matar nan ta dubi kan 'yata, gefe ɗaya ya yi jan da take so, gefe ɗaya ya saɓule yana tsattsafo da ruwa. Kun san abin da ta ce? Ta ce, "Launin ya yi, Gwani. Amma ka rage ƙarfinsa kafin ka zo kaina." Ta koma kan wayarta.

Ya kifa wa Auta hular gashi, ya ce kyauta ce, kada ta gaya wa kowa. Da ciwon ya fara wari, ya ce ta tafi gida, tana korar masa manyan baƙi.

Na je shagon da ƙafata. Ya tare ni a bakin ƙofa don kada takalmina ya taka masa daɓe. Na ce, "Me ka yi wa 'yata?" Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Baba, gashi ne fa. Ciyawa ce, zai tsiro."

Bai tsiro ba. Likita ya ce saiwar ta mutu. Rabin kan Auta yau sumul yake, da tabo kamar ƙonuwar ruwan zafi. Wani yaro da ya kawo kayan tambayar aurenta, uwarsa ta zo da kanta ta ce a cire ɗankwali ta gani. Ta gani, ta tashi. Ba su sake dawowa ba.

Na kai ƙara. Aka ce in kawo shaida. Wa zai yi shaida? 'Yan matan da aka ƙona kafin ita kowacce ta ɗaure kanta ta yi shiru, wasu mazansu ma ba su san dalilin ba. Na tafi gidan Tauraruwa, tunda da idonta ta gani. Na wuni a bakin ƙofa. Da yamma mai gadi ya fito ya miƙo mini hotonta, ya ce wai madam ta ce a ba wa tsohuwar nan, ta gode da ƙauna. A hoton kanta ja ne kamar garwashi.

To ni ba ni da boko, ba ni da lauya. Amma ina da baki da ƙafa. Na bi gida gida, na bi tashar mota, na bi wajen ɗinki da wajen niƙa. Duk uwar da na ji 'yarta na neman koyon gyaran gashi, sai na zauna na ba ta labari. Sababbi suka daina zuwa. Na ciki suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Aka bar Gwani da wasu maza biyu masu aski tal.

Ya gwada haɗinsa a kan hular gashi. Amma gashin da aka yanke yana kuka ne? Ya shafa, ya jira, shiru. Ma'auni ya tafi.

Ya 'yan uwa, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Aka gayyaci Tauraruwa wata ƙasa karɓar lambar yabo. Ta ce wannan karon fari take so, kamar azurfa, launin da ba a taɓa gani a kan baƙar mace ba. Ta zo shagon da masu ɗaukar hoto, wai duniya ta ga yadda ake shirya ta. Kwaɗayi ya hana Gwani ya ce bai gwada ba. Ya shiga baya ya cakuɗa sabon abu, ya fito ya shafa mata, ya koma gefe ya harɗe hannu kamar yadda ya saba. A ransa, da ta ce wash zai wanke.

Ita kuwa ga kyamara a fuskarta. Babbar mace za ta yi raki a gaban duniya? Kai na ci da wuta, tana murmushi, tana ba da labarin yadda take kula da gashinta tun tana yarinya. Shi yana jiran kuka. Ita tana jiran ya ce lokaci ya yi.

Da aka kwantar da kanta aka sakar masa ruwa, gashin ya biyo ruwan. Duka. Ya toshe bahon. Masu hoto ba su kashe na'urarsu ba.

Kan Auta ya yi shekara yana neman mai saurare bai samu ba. Kan Tauraruwa kuwa, kafin la'asar 'yan sanda sun garƙame shagon. Aka fito da Gwani da ankwa, aka kwashe kwalaben ɗakin baya a buhu. Matan da ke kiransa "Gwanina" kowacce ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da shi ba. Aka sayar da madubai da kujeru, aka sayar da gidansa. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma gidansu. Ya yi zaman kurkuku ya fito, ba mai ba shi ko kan jariri.

Yanzu yana bakin tasha, ya shimfiɗa leda yana sayar da mataji da ƙaramin madubi. Kwanaki na tsaya a kansa. Ya ɗago ya gane ni. Ya ce, "Baba, ki yafe mini, komai nawa ya ƙare." Na ce, "Haba Gwani, shago ne fa. Ciyawa ce, zai tsiro." Na wuce.

Darasin a fili yake. Wanda ya gina arzikinsa a kan kukan 'ya'yan mutane, ranar da kukan ya ɗauke, ginin zai rufto masa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Amma kada ku ce magana ta ƙare. An hukunta shi ne don kan Tauraruwa. Ba a ambaci sunan 'yata ko sau ɗaya ba. Ita Tauraruwa ta fito a mujalla da kai ƙwal, an yi mata kwalliya, ana ta yabonta wai jaruma, har 'yan mata na aske kai don su yi kama da ita. Auta kuwa ko tsakar gida ba ta fita sai da ɗankwali biyu. Madubin ɗakinta ta juya shi ya fuskanci bango.

Ƙarar tana nan, ban janye ba, shaida kawai ake jira. A cikinku akwai masu yi wa matan nan ɗinki, da masu yi musu wanki, da masu tuƙa su. Ku gaya wa Tauraruwa ba hoto nake so ba. Ta zo gaban alƙali ta maimaita maganar da ta faɗa a kan 'yata. Da ita, da duk wadda aka taɓa ce wa "Juya, Hajiya ta gani." In ba su zo nan ba, akwai ranar da za a tsai da su ba ɗankwali ba hular gashi, kuma ina nan a layin.

Allah ya kiyaye mu da adon da aka jiƙa da hawayen wani. Allah ya kiyaye kawunan 'ya'yanmu daga hannun azzalumai. Allah ya bi wa Auta hakkinta, ya sa ina raye. Amin.