Yatsan da Fartanya ta Cinye

Akwai wani tsohon masinja a wani ƙauye kusa da Minjibir, sunansa Ɗanliti. Da ya yi ritaya, aka yanke haraji mai yawa daga kuɗin sallamarsa, har ya jinginar da gonarsa. Bana aka yi shela cewa kuskure ne, kowa ya je Kano a tantance shi a mayar masa. Da kuɗin yake so ya fanshi gonar kafin ruwa ya sauka.

Sai ranar ƙarshe ta tantancewar ya samu kuɗin mota. Matarsa Kulu ta raka shi.

A layi suka tarar da tsohon ogansa, Alhaji Kamaruddeen, yana toshe hanci kamar an ajiye shi a turken awaki. Shekara ashirin Ɗanliti yana ɗaukar masa jaka. Ya durƙusa ya gaishe shi, Alhaji ya ci gaba da latsa waya.

Da aka zo kan Ɗanliti, na'ura ta ƙi karanta yatsansa, fartanya ta cinye zanen. Kulu ta kama hannun, ta goge shi a hankali da bakin mayafinta.

Ta ce wa mijinta, "Sake gwadawa, Malam."

Na'ura ta sake ƙi.

Ma'aikaciyar da ke tantancewa ta ce, "Baba, sai wanda kuka yi aiki tare ya shaide ka."

Ɗanliti ya waiwaya wajen Alhaji. "Ranka ya daɗe..."

"Ni? Masinja nawa suka wuce ta ƙofata? Rubuta, ban san shi ba."

Ta rubuta. Sai tsohon maigadin ofishinsu, da shi ma ke cikin layi, ya taso ya sa hannu. Aka ba Ɗanliti takardarsa.

Aka kira Alhaji. A fayil Kamalu, a kati Kamaruddeen. Shi ma sai da mai shaida.

Ya yafito maigadin da yatsa ɗaya.

"Alhaji, shekara goma ina buɗe maka ƙofa, ba ka taɓa sauke gilashi na ga fuskarka ba."

Ɗanliti ya ji tausayi ya miƙe. Ma'aikaciyar ta girgiza kai.

"Baba, ga shi a rubuce bai san ka ba. Ta ina kai ka san shi?"

Ta rufe fayil ɗin. "Na gaba."

Darasi: Wanda ka ƙi sani yau, gobe shi za a tambaya ko ya san ka. Ku tura wa masu ganin na ƙasa da su ba mutane ba ne.