Wandon Jimina da Igiyar Kuka

— Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi!

— Ta zo mu ji ta, Iya!

To, Barmani, cire yatsa daga hanci tukuna.

Da can, Jimina ba haka take da cinya tsirara ba. Gashi gare ta har gwiwa, lallausa, mai sheƙi. Wando take ce masa. Ko raɓa ba ta yarda ta taɓa shi, don tsabar yanga.

Ran nan sai ɗanta tilo ya faɗa tsohuwar rijiya. Ruwan iya idon sawunsa ne, amma ga hadari ya haɗo gabas, kuma in aka yi ruwa duk cikin rijiyar nan yake kwarara. Ta zura wuya, bai kai ba. Ta kwasa a guje sai gidan Kurege mai tufka igiya.

Ta ce, "Kurege, ka yi mini rai, ɗana na rijiya!"

Ya ce, "Ayya, Gwaggo! Igiya ta ƙare, amma Kuka na nan."

Suka je suka gaida Kuka, suka roƙi ɓawo.

Kuka ta ce, "Ku ɓare gefe guda, ku bar mini zanen rufe jiki."

Kurege ya sara sama, ya sara ƙasa, ya ja, ɓaaar! Ya dandaƙe ɓawon, ya jiƙa, ya tsage shi zare-zare. Ya ce, "To Gwaggo, miƙo cinya."

"Cinyar wa?"

"Ai a cinya ake murza igiya. Dubi tawa, ko zaren ɗinki ba za ta fitar ba."

"Wandon nawa? Allah ya sawwaƙe! Ga taɓarya nan, murza a kanta."

Taɓarya kuwa santsi. Igiya ta fito sako-sako. Aka zura, yaro ya kama, aka ja, ta warware. Tsulum! Yayyafi ya soma. Yaro na kuka daga ƙasa, ku kuma ku amsa mini:

"Inna, Inna, ruwa ya kai gwiwa!"

— Jimina, ba da cinya!

Ina! Ta ƙi. Suka koma wurin Kuka.

Kuka ta ce, "Ku ne kuma? Ku ɗiba, amma ku ji tsoron Allah."

Aka ɓare, aka dandaƙe, aka jiƙa. Sai ga Bushiya za ta wuce. Jimina ta ce, "Yawwa, wannan ba ta da santsi. Murza a bayanta!"

Kurege ya dube ta, ya dubi ƙaya, ya ce, "To, ke ce babba."

Ƙaya ta yi wa zaren kaca-kaca. Aka zura, yaro ya kama, aka ja, tas, ta tsinke. Tsulum! Ruwan sama kuwa ya ɓarke.

"Inna, Inna, ruwa ya kai ƙirji!"

— Jimina, ba da cinya!

Da suka sake zuwa, ran Kuka ya ɓaci. Ta ce, "Haba! Kun tuɓe ni gaba, kun tuɓe ni gefe. So kuke ku bar ni tsirara a bainar jama'a? Ga ɗan wannan, shi ne na ƙarshe. Bayansa ko mutuwa za ku yi, babu."

Kurege ya gyara zaren, ya zauna, ya harɗe hannu. Sai aka jiyo muryar yaron, siririya, da kyar take fita:

"Inna, Inna, ruwa ya kai wuya!"

Ba ta ma jira amshinku ba. Ta zube cikin taɓo, ta miƙe ƙafa. Kurege ya tofa yawu a tafi, ya ɗora zare biyu, ya murza. Fit! Gashi ya bi zare.

"Wayyo wandona!"

"In daina, Gwaggo?"

"Daina ka ga yadda ake shuri! Murza!"

Ya murza, ya murza, cinyar dama ta koma tal kamar ta figaggiyar kaza. Igiya ba ta kai ba. Da kanta ta juyo masa ta hagu, tana hawaye. Igiya ta fito tamau, gashi ya shige cikinta ya ƙara mata ƙarfi.

Aka zura. Yaro ya kama da baki. Jimina ta ja, Kurege ya ja, har Bushiya ta sa hannu. Sai ga shi waje, jiƙe sharkaf, yana atishawa. Ya dubi uwarsa sama da ƙasa.

Ya ce, "Inna, ina wandonki?"

Ta ce, "Ga shi nan a bakinka, ɗan nema. Shi ka hawo."

Ɗan gashin da ya zube kuwa, Kurege ya tattare abinsa ya liƙa a wutsiya, ya ce ladan aiki ne. Shi ya sa jelarsa take buzu-buzu. Ita kuma Jimina gashin cinyarta bai sake tsirowa ba, haka take yawo har yau, ɗanta na biye da ita, ko a jikinta. Kwalliyar da za ta hana ka ceton naka, tuɓe ta ka yar.

Ƙurunƙus! Kan kusu ya faɗa miya, Barmani ne zai tsamo.