Notin Birkin Motar Suruki

Akwai wani bakanike a Daura, shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a Arewa, ana ce masa Uwaisu. Garejinsu yana bakin hanyar da ta nufi Baure. Aiki kam ya iya shi, ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba. Matsalarsa baki. In ya kwance noti ɗaya, sai duk gareji ya ji labari, har mai shayin tsallaken titi.

Kullum maganarsa ke nan: "Ni ba a ƙera notin da zai gagare ni ba."

Surukinsa Malam Ya'u, mahaifin matarsa Haulatu, tsohon direba ne mutumin Baure. Yana da a-kori-kura, yana jigilar 'yan kasuwa da buhunan hatsi. Tun da aka ɗaura auren bai taɓa kawo motar wurin Uwaisu ba. Ba raini ba ne, kunya ce irin ta surukai. Shi ma Uwaisu in ya je gaisuwa, tun daga nesa yake cire takalmi ya tsuguna, idonsa a ƙasa. Ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba.

Wata ranar kasuwa bayan damina, sai ga a-kori-kurar ta shigo garejin tana ƙugi. Bakaniken da tsohon ya saba da shi ya yi tafiya, birkin gaba kuma ya cinye har ƙarfe na cin ƙarfe.

Uwaisu ya zube ya gaishe shi, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. A ransa kuwa farin ciki ne fal. Yau Baba zai ga irin mijin da 'yarsa ta samu.

"Duba mini shi," in ji Malam Ya'u. "Bayan Azahar zan ɗebi mutanena mu koma."

Uwaisu ya ɗaga motar da jak, ya cire taya. Kafin a canja abin da ya cinye, sai an kwance kalifa, wato ƙarfen nan da ke matse faifan birki, kuma noti biyu ne ke riƙe da ita. Na ƙasa ya fita da ƙyar. Na sama ya ce bai san zancen ba. Tsatsa ta cinye shi, ya zama kamar tare aka ƙera su da motar.

Abokin aikinsa Sama'ila ya leƙo, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Wannan ya sha ruwan damina. Zuba masa man birki, ka ɗan bubbuga shi da guduma, ka bar shi ya jiƙa har a idar da sallah. In ya ƙi, a kira mai walda ya gasa shi."

"A gaban surukina zan zauna ina lallashin noti?" in ji Uwaisu. "Kai dai miƙo mini bututun can."

Ya zura dogon bututun ƙarfe a jikin sifana, ya ɗora ƙafa, ya danna da duk nauyinsa.

Ƙas!

Kan notin ya faɗo cikin yashi. Sauran ya rage a ciki.

Gumi ya keto masa. Ya saci kallon tabarma. Malam Ya'u yana jan carbi, fuskarsa na kallon titi. Sama'ila kuma an kira shi wurin wata mota.

Jama'a, a nan ne fa ya yi abin da bai kamata ba. Da ya tashi ya ce, "Baba, na karya noti," da magana ta ƙare. Amma da wane baki? Mutumin da ko tari yana jin nauyin yi a gabansa? Sai ya tsinci kan notin ya jefa a aljihu, ya canja abin da zai canja, ya ɗaure notin ƙasa tamau, ya shafe wurin karayar da baƙin mai, ya mayar da taya.

Ya tsuguna ya ce, "Baba, an gama."

Tsohon ya ɗan dube shi. "An gama?"

"An gama."

"To, Allah ya yi albarka." Ya tashi motar ya fita a hankali.

Aka kira Azahar. Uwaisu ya shiga sahu, amma ko ɗaya bai san abin da ya karanta ba. Da ya yi sujada, guntun ƙarfen nan ya tokare shi a cinya. Sai ya dinga hango motar cike da mutane, mata a gaba, maza a kan buhuna, ga saniya ta tsallako titi, Baba ya taka birki, kalifar ta fizge. Kunya ta rufe shi, amma wannan karon ba ta suruki ba ce. Yana tsaye gaban Allah da ƙaryarsa a aljihu.

Ana yin sallama ya ari babur. Lokacin waya ba ta kai hannun kowa ba, ba yadda za a yi sai bi. A tasha aka ce masa ai Malam Ya'u ya kama hanya. Ya bi titin Baure da gudu, duk inda ya hangi taron mutane sai ya rage gudu ya leƙa.

Bai yi nisa da gari ba ya hango a-kori-kurar a gefen hanya, ƙarƙashin wata tsamiya. Ba buhu ko ɗaya a bayanta, ba fasinja. Malam Ya'u na zaune a kan buzu shi kaɗai.

Uwaisu ya jingine babur, ya cire takalmi, ya tsuguna. Sai ya sa hannu a aljihu, ya ajiye kan notin a bakin buzun.

"Baba... ban gama ba. Karya shi na yi, na ɓoye maka."

"Na sani," in ji tsohon. "Tun kafin a haife ka nake kan titi. Na san ƙarar noti in ya kwance, na san ƙararsa in ya karye."

Uwaisu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"To Baba, me ya sa ba ka yi magana ba?"

"In tona ka a gaban abokan aikinka? Mijin 'yata? Ni ma ai ina da tawa kunyar. Na sallami mutanena suka bi wata mota, na lallaɓo nan da giya ɗaya, na zauna."

Ashe lodin ranar kasuwa sukutum tsohon ya bari don ya rufa masa asiri. Hawaye ya zubo wa Uwaisu, bai ko iya sharewa ba.

"Bari in koma in ɗauko mai walda, Baba. Yanzu za a fitar da guntun."

"Za a fitar. Ba shi ya zaunar da ni ba." Malam Ya'u ya ɗauki kan notin, ya juya shi a tafin hannunsa. "Bakanike ba ya wuya a Daura. Na zauna ne in ga ko za ka biyo ni. Na ce wa kaina, in aka kira La'asar ban gan ka ba, to na san wanda na ba wa Haulatu mutum ne da zai iya kallon idona ya tura ni kan titi da mutane a baya. Ban san yadda zan ƙara barci 'yata tana gidanka ba."

Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi da ka zo. Tashi ka je."

Uwaisu ya kasa tashi. Ya daɗe a tsugune, kansa a ƙasa, har sai da tsohon ya miƙo hannu ya dafa kafaɗarsa, abin da bai taɓa yi ba tun da suka zama surukai.

Darasi: Abin da ya cije, haƙuri yake so, ba nuna ƙarfi ba. In kuma ka yi kuskure, faɗe shi nan take, ko a gaban wanda ka fi jin nauyi. Kunyar da za ta sa ka ɓoye abin da zai cuci rayukan mutane ba tarbiyya ba ce, son kai ne. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu sana'ar hannu da direbobi, ko Allah zai sa wani ya amfana.