Kura Ta Dawo Daga Bita

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

Zaki ya naɗa Kura shugabar masu yi masa kilishi, ya tura ta bita wurin Malam Dila ta koyo binciken laifi. Dila ya ce, "Ki saurari kowa kafin hukunci. In kuwa da hannunki a maganar, ki janye."

Dawowarta ke da wuya, kilishi ya ɓace a shanya. Aka ce Akuya ce, korarta za a yi.

Akuya ta ce, "Ranki ya daɗe, ni da ko ƙanshin nama ba na so?"

Kura ta so ta kore ta nan take, amma son a san ta yi karatu ya sa ta ce, "A kira shaida!"

Zakara ya ce, "Ina kan danga na ga ɓarauniyar. Tana ɗingishi, tana ci tana ƙyaƙyata dariya."

Kowa ya juyo. Kura ta lashe yajin da ya rage a leɓenta, ta ce, "Oh ni Kura, wa ya aike ni bita! To jama'a, Malam ya ce mai hannu ya janye."

Ta janye da gudu, har yau ba ta tsaya ba. Akuya ta koma bakin aikinta.

Ƙurunƙus kan kusu. In ƙarya na yi, ku kira Zakara.