Faɗuwar Baba Tanimu a Ajin Jinya

Ranar Talata ce, hadari ya haɗo tun hantsi, ruwa bai sauka ba. Ku saurara, ba zan maimaita ba.

A wata makarantar koyon jinya, malama takan shirya wa ɗalibai gwaji don su san halin da talaka ke zuwa asibiti a ciki. Akan kawo mutum ya yi kamar marar lafiya, su duba shi. Ran nan aka sa Baba Tanimu, mai ba fulawar makarantar ruwa, ya fito a tsohon da ya kwana biyu bai ci abinci ba. Ba wanda ya tambaye shi ko ya karya.

Ana cikin yi sai ya zame daga benci, ya faɗi. Aji ya ɗau tafi. Wani ya ce, "Kai, Baba ya iya! A sa shi a fim!"

A cikin ɗaliban, Barira ce kaɗai ta durƙusa ta taɓa goshinsa. Sanyi ƙalau, riga sharkaf da gumi. Ta taɓa ganin mahaifinta haka a gona. Ta ƙwalla ihu, "Malama, wallahi ba wasa ba ne!" Tafi ya tsaya cak. Idon tsoho ya kafe, numfashi na fita da ƙyar.

Ɗanlami kuwa shi ne ya zauna da shi tun farko, ya bar shi ya yi magana, lokacin da sauran ke saurin cika takarda. Ya ce, "Ya gaya mini ya sha maganin ciwon suga, cikinsa ba komai. Na ɗauka cikin wasan ne. Sugansa ne ya sauka!"

Ruwan suga na allura yana cikin kabad, mai makulli ya fita gari. Dokar makarantar kuwa, ɗalibin da ya taɓa kabad ɗin, kora ce. Hansatu saura mata wata biyu ta gama. Ta ɗauko dutse ta fasa kwaɗon. Malama ta yi ta laluben jijiya har ta samu, ta yi masa allurar.

Can Baba ya motsa. Ya dubi fuskokinsu, ya ce, "'Ya'yana, na yi daidai?"

Washegari da safe ya kamo kazarsa ɗaya tilo, ya ɗaure mata ƙafa, ya zo ya tsaya a ƙofar ajin. To, tsakanin wadda ta taɓa shi, da wanda ya saurare shi, da wadda ta fasa kwaɗo, wa zai miƙa wa?