Kwano Ɗaya Kowace Ƙafa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani gari akwai babban rumbu inda kowane gida ke ajiye hatsinsa saboda yunwar damina. Iya Tabawa ce mai kula da shi. Wane ya zuba, wance ta ɗiba, duk a ka take riƙewa. Da gari ya cika ya batse, kai ya kasa ɗauka, sai ta aika daji a kirawo mata masu sayar da rumbun bayanai, wato masu riƙe wa mutum lissafin ajiya.

Dila ne ya fara zuwa. Ya ce, "Iya, kafin ki ƙifta ido na riƙe ciniki dubu. Lasisina, wato ladan aikina, buhu goma a shekara."

Ta ce, "A ina aka gwada ka?"

Ya ce, "A gidana. Matata ce shaida."

Tabawa ta riƙe baki. Buhu goma!

Sai ga Hankaka. Ya ce, "Dubun Dila wasan yara ne, ni dubu biyu nake yi. Kuma zuba bayani kyauta ne."

"Yaushe aka gwada ka?"

"Ranar da kasuwa ba ta ci. Sai dai duk wanda ya tambaye ni abin da ya ajiye, mudu ɗaya ne."

Tabawa ta yi salati, ta ce ya tashi ya ba ta wuri.

Sai Shanshani ya leƙo daga wani rami a gindin rumbun, ƙafa biyu kacal a waje. Ya kwantar da murya ya ce, "Iya, ni ban iya cika baki ba. Kowace ƙafata ciniki ɗari take riƙewa. Lasisi kuwa kwano ɗaya kowace ƙafa, duk wata."

Tabawa ta duba, ta ga ƙafa biyu. Daɗi ya kashe ta, ta manta araha ba ta ado. Ta tara dattawa, aka ƙulla magana a gabansu.

Aiki kam ya yi shi, ba za a ci haƙƙinsa ba. Wata ya ƙare, ya karɓi kwano biyu ya yi godiya. Wani watan ma haka. Da damina ta yi nisa, tukwane suka fara kifewa, mutane suka taho da ƙore ɗibar ajiyarsu, sai Shanshani ya ce, "Iya, yau a biya ni cikakke."

Sai ya fara fitowa. Yana fitowa, yana fitowa, ƙafa na bin ƙafa, har ya zagaye rumbun bai ƙare ba.

Tabawa ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Duk waɗannan naka ne? Ai ba su yi mini aikin komai ba!"

Ya ce, "Da an buƙace su da sun yi, Iya. Ƙafar da ke barci ma ƙafa ce. Kuma har na watannin baya za a haɗo mini."

Ta juya wajen dattawa. Kowa ya sunkuyar da kai, don kuwa haka aka yi da shi. Aka yi ta awo har kwano ya fara kankarar ƙasan rumbu.

Da gudu ta tafi wurin Dila da Hankaka. Suka ce, "Ba komai, kawo mana bayanan mu ci gaba." Ina! Bayanai suna ƙafafun Shanshani, ba mai iya karanta su sai shi. Ta dawo ta tarar har an fara cin kwalar juna a kan ɗan ragowar, kowa na rantsuwa nasa ne.

Shanshani ya ce, "Iya, in raba musu gardama? Sai an sabunta lasisi."

Tabawa ta kalli matan da ke goye da yara, ƙore a hannu babu komai. Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Sabunta."

Har yau mutanen garin nan ƙafafun Shanshani suke yi wa noma. Don haka in ɗan kasuwa ya faɗa maka saurinsa da farashinsa, ka ce ya fito daga rami gaba ɗaya tukuna.

Ƙurunƙus kan shanshani, ƙafafun kuwa ku ƙirga da kanku.